Mota Tana da Safaya, Zuciya Ba Ta Da

Kwanaki a majalisarmu ta masu motoci a Wunti, ana cin balangu, sai wani ya zolayi abokinsa: "Alhaji, fijo 504 ɗinka ba ka wasa da juyen baƙin mai. Kai fa, yaushe rabonka da awon jini?" Aka kwashe da dariya.

To 'yan'uwa, maganar gaskiya ce. Kitse yana toshe jijiyoyin zuciya, gishiri yana ta da hawan jini. Inji in zai lalace yakan yi ƙara, hawan jini kuwa shiru yake zuwa. In awo ya kai 140 bisa 90, a ga likita. A ci nama, amma a ce wa mai balangu ya rage kitse. Allah Ya ba mu lafiya.