Farfaɗo da Ginin Tukwane: Rabon Mata da Matasa



Wannan lacca za ta dubi ginin tukwane, watau sana'ar sarrafa yumɓu, da hanyar da za a bi a farfaɗo da ita a garuruwan karkara irin su Fakku ta ƙasar Kebbe, da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato. Abin da za a nuna shi ne, sana'a ba ta rayuwa don ana tausayinta, sai dai don ana bukatar abin da take samarwa.

A da, da wuya a shiga gidan Bahaushe ba a tarar da aikin magina ba. Akwai randa da tulu don ruwa, da tukunyar tuwo da ta miya, da tanda ta masa, da kaskon wuta, da asusu, har da indararo a kan soro. Daga baya tukwanen alminiyam da bokitai da jarkokin roba suka cika kasuwa, ga su ba nauyi, ba su kuma fashewa da wuri. Ciniki ya ja baya, 'ya'yan magina suka nemi wata hanyar abinci. Haɗarin da ke nan shi ne, ilmin wannan sana'a ba a rubuce yake ba. Sanin inda yumɓu mai kyau yake, da yawan dakakken tsingaro ko ƙaiƙayin da za a haɗa masa don kada ya tsage, da ƙarfin wutar da za ta gasa shi, duk a hannun tsofaffi suke. Idan tsohuwa ta rasu ba ta koya wa kowa ba, to, ilmin ya bi ta kabari.

An yi ƙoƙari iri biyu a Arewa waɗanda ya kamata a yi nazarinsu. Na farko shi ne makarantar koyon ginin tukwane da gwamnatin Arewa ta kafa a farkon shekarun 1950 a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, a ƙarƙashin wani Bature mutumin Ingila, Michael Cardew. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wata Bagwariya wadda ta koyi gini tun tana yarinya a hannun danginta. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce kuma mace ta farko da aka ɗauka. Aikinta ya kai ta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta kuwa yana bayan takardar naira 20. Wannan makaranta ta ɗaga darajar sana'ar ƙwarai, amma kayanta masu ƙyalli suna bukatar wuta mai tsanani da kayan aiki masu tsada, saboda haka masu sayensu yawanci Turawa ne da manyan ma'aikata. Talakan ƙauye bai ga abin da zai saya ba.

Na biyu shi ne aikin Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina. A shekarun 1990 ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ana sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ya tafi da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Gauta da ke lalacewa cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27, tumatir da barkono su yi mako 3. Manomi ya daina sayar da kayansa da asara, magina suka sami aiki, 'yan mata masu talla kuma suka sami sararin zuwa makaranta. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000.

Darasin a fili yake. Wanda zai tada wannan sana'a a Fakku, to, ya fara da abin da gida da gona ke bukata: randa mai murfi da famfo don tsabtar ruwan sha, da tukunyar adana kayan lambu, da murhun yumɓu mai rage cin itace.

Sa'an nan tilas a raba aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata masu sana'ar su ne malamai, ya kamata kuma a biya su ladan koyarwa, su kafa ƙungiya da adashi don sayen kayan aiki. Matasa su ɗauki aikin ƙarfi, watau haƙar yumɓu da ɗauko shi, da tara karan gashi, da kai kaya kasuwannin Tambuwal da Sakkwato, da riƙe lissafi. Rani ya fi dacewa da wannan, domin lokacin ne tukwane ke bushewa da kyau, lokacin ne kuma samari ke tafiya cin rani.

Ma'aikatan ƙananan hukumomi na iya keɓe wurin haƙar yumɓu da rumfa a kasuwa, su sa makarantu da asibitoci su riƙa sayen randunan gida. Ɗalibai kuwa, hutu ya ishe su zama da tsofaffin magina, su rubuta sunayen kayan aikinsu da matakan gini tun masu sanin suna raye.

Allah ya sa albarka a wannan aiki, amin.