Gaggawar Allo da Kuɓucewar Farashi



Duk wanda ya taɓa rubuta wa manhajar ciniki ta MetaTrader 5 umarni ya san zanen farashi ba ya sauyawa nan take. Umarnin yakan shiga layi ya jira, sai fa an tilasta wa allo da ChartRedraw. To, a nan mai garaje yake tuntuɓe. In ya jibga zane cikin OnTick, wato sashen da ke karɓar sabon farashi, duk sanarwar farashin da ta iso ana tsakar aiki ba a sa ta a layi. Ta wuce ke nan, ga dukiya a kasuwa. Ni kam gara OnTimer ya riƙa zanen, sau ɗaya a daƙiƙa.