Kolestarol: Aikinsa a Jiki da Dangantakarsa da Abinci



Bahaushe ya daɗe da raba abubuwa masu maiƙo gida biyu. Wanda ke daskarewa in ya huce, kamar na tozon sa ko na rago, ya kira shi kitse. Wanda ke zama ruwa-ruwa, kamar wanda ake matsewa daga gyaɗa ko riɗi, ya kira shi mai. Wannan rabo da harshe ya yi tun ba a san awon jini ba, ya yi kusa ƙwarai da rabon da likitoci ke yi a yau in ana maganar kolestarol. Inda ya kauce kuwa, nan ne jama'a ke ruɗewa, kuma nan ne wannan lacca ta nufa.

An ƙera kalmar ne daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin ruwan matsarmama, ɗaya kuma abu mai tauri, sabili da a cikin tsakuwar matsarmama aka fara samun abin, a Faransa, cikin ƙarni na 18. Abu ne fari mai kama da kakin zuma, kuma ba guba ba ne. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da shi a fatar da ta lulluɓe ta. Da shi hanta ke haɗa ruwan matsarmama mai taimakawa wajen narkar da maiƙon abinci, da shi fata ke yin bitamin D in rana ta taɓa ta, da shi kuma ake haɗa sinadaran da ke kawo balagar namiji da ta mace. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk wanda ke jiki. Saboda muhimmancinsa, jiki ba ya jiran kasuwa: shi ke haɗa kimanin kashi uku cikin huɗu da kansa, hanta ce kuwa babbar maƙerarsa.

To, ina matsalar take? Tana wajen dako. Kolestarol ba ya gauraya da jini, kamar yadda mai ba ya gauraya da ruwa, sai an ƙunshe shi cikin wasu ƴan ƙunshi. Masu kai shi sassan jiki su ake kira LDL, masu kwaso ragowar su mayar hanta kuma HDL. Idan LDL ya yi yawa ya daɗe yana yawo, sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini yana taruwa, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a wurin, in jijiyar zuciya ce sai bugun zuciya, in ta ƙwaƙwalwa ce sai shanyewar ɓarin jiki.

A 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya tarar jijiyoyinsu sun lalace. Da yawa ba su yarda ba, suka ce ai zomo ciyawa ya sani, kuma ba su rasa hujja ba. A 1948 aka fara bin lafiyar mutane 5,209 a garin Framingham na Amurka, aka ga masu yawansa a jini sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Amma bayanin da ya fi warware zance shi ne na Michael Brown da Joseph Goldstein, wanda ya ba su kyautar Nobel a 1985. Sun gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da wasu ƴan ƙofofi masu janye LDL daga jini. Ƙofofin in sun yi yawa jini ya washe, in sun yi kaɗan LDL ya taru.

Daga nan ne ake fahimtar rawar abinci. An daɗe ana ɗora laifi kan ƙwai, don gwaiduwa ɗaya tana da kusan miligiram 190. Alhali kuwa a yawancin mutane, in an ci kolestarol da yawa sai hanta ta rage nata. Shi ya sa a 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga shawarwarinta na abinci. Abin da ya fi ɗaga LDL shi ne maiƙo mai daskarewa, domin shi ke rage yawan waɗancan ƙofofi na hanta.

Nan fa harshe ke yin kuskure. Manja da man shanu duka "mai" ake kiran su, amma mai shakka ya duba kwalbarsu da asubar hunturu, zai tarar sun sandare. Kimanin rabin manja maiƙo ne mai daskarewa, na man shanu ya haura rabi, na man gyaɗa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba. Watau a wajen hanta, man shanu ɗan ɗakin kitse ne. Haka kuma rubutun da ake gani a jikin galan cewa man "ba shi da kolestarol" gaskiya ce marar amfani, don ba man tsiro da ke da shi yadda za a ƙirga, har manja. Mafi muni shi ne man tsiro da aka daskarar a masana'anta don yin biskit da makamantansa, wanda ke ɗaga LDL ya kuma rage HDL. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi daga abinci. Wake da hatsin da ba a surfe sosai ba da ganyaye kuwa akasin haka suke yi: suna kama ruwan matsarmama a hanji su fita da shi, sai hanta ta janye kolestarol daga jini don ta haɗa wani.

Wani zai ce, ai Fulanin daji madara da man shanu suka sani. Haka ne, an ma bincika. A 2001 aka buga sakamakon awon da aka yi wa Fulani makiyaya a Filato, aka tarar maiƙo mai daskarewa ya yi yawa a abincinsu, amma kolestarol ɗin jininsu daidai yake. Masu binciken sun danganta wannan da ƙarancin abin da suke ci gaba ɗaya da kuma yawan tafiya. Ma'aikacin da ya wuni a kujera, mota ta kai shi ta dawo da shi, sannan ya tsaya wajen mai balangu ya ce a sa masa da kitse, ba shi da hurumin kafa hujja da makiyayi. Tumbin da ake yi masa barka da shi in ya sami ƙarin girma, ba shaidar lafiya ba ne.

Sai dai rama ma ba shaida ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin 250 yakan gaji ƙarancin ƙofofin nan daga iyaye, LDL ɗinsa ya yi sama tun yana yaro, ko me yake ci. Irin wannan abinci kaɗai ba ya isar sa, sai an haɗa da magani, kamar rukunin statin da Akira Endo na Japan ya gano na farkonsu cikin shekarun 1970, waɗanda ke rage haɗa kolestarol a hanta su sa ta ƙara ƙofofi. Awon jini ne kawai ke nuna inda mutum ya tsaya. Gidan da uba ko wa ya faɗi da ciwon zuciya bai kai shekara 55 ba, ya kamata a auna ƴaƴa da ƙanne duka.