Tsakanin Rasuwa da Rabon Gado: Lissafin Harajin da Ke Wuyan Wasiyyi



Watanni kaɗan bayan rasuwar wani ɗan kasuwa, babban ɗansa ya shigo ofishina da jakar Bakko, ya juye ta a kan tebur. Akwai rasitan haya, wasu da sitamfi wasu babu. Akwai takardun banki, da wani littafin makaranta mai warƙa arba'in wanda marigayin ke rubuta basussuka a ciki da ajami. Yaron ya zauna ya ce, "Yallaɓai, an ce mana gwamnati za ta ɗauki kasonta a gadon. Nawa ne?"

Amsar da na ba shi ita zan fara ba ku: Nijeriya ba ta da harajin gado. An taɓa yin dokar harajin miƙa dukiya a 1979, aka soke ta a 1996. Tsoron dai yana da tushe. Kakanninmu sun san ushira, wato ɗaya bisa goma da ake cirewa idan alƙali ya raba gado. Sannan a ƙarshen 2024, lokacin ce-ce-ku-ce kan ƙudurorin gyaran haraji, maganar ta sake tashi a masallatai da gidajen rediyo, har shugaban kwamitin gyaran, Taiwo Oyedele, ya sha fitowa yana cewa babu harajin gado a ciki. Wanda ya bar gida a Landan kuwa, nasa daban ne, domin Ingila tana karɓar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000.

To, in babu harajin gado, me ya tara mu yau? Abin da ya tara mu shi ne mutum yana mutuwa amma dukiyarsa ba ta daina haihuwa. Ɗan haya yana ci gaba da biya. Kamfani yana ci gaba da turo ribar hannun jari. Tirela tana kan hanyar Legas ranar da ake zaman makoki. Wannan kuɗin da ke shigowa bayan rasuwa, kafin a raba, kuɗin shiga ne, kuma doka tana neman lissafinsa daga hannun wanda ke riƙe da dukiyar: wasiyyin da mamaci ya naɗa, ko wanda kotu ta ba takardar izinin kula da ita. Dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993 ta tanadi haka, kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta ci gaba da wannan tsari.

Ranar rasuwa ita ce iyaka. Abin da marigayi ya samu daga farkon shekara zuwa wannan ranar nasa ne, kuma harajin da ya rage a kai bashi ne a kan dukiyarsa. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin cewa Suratun Nisa'i ta gabatar da bashi da wasiyya a kan rabon magada. Ni a ganina, wasiyyin da ya biya mai shinkafa da mai siminti amma ya ƙi leƙa ofishin haraji bai gama sauke wa mamaci nauyi ba.

Bayan wannan ranar, sabon littafi ake buɗewa, kuma a nan ne gidaje da yawa ke tarwatsewa. Mu ƙaddara mutum ya bar shaguna shida a Kantin Kwari, kowanne ana biyan hayarsa naira 500,000 a shekara. Iyali suka ce a bari sai matan sun fita takaba. Wata huɗu da kwana goma suka wuce, sai aka ce a jira wani ɗa da ke karatu a Sudan. Kafin a ankara shekara uku ta cika, naira miliyan tara ta bi ta hannun Yaya babba, ta asusunsa na kansa, ta gauraya da kuɗin kasuwancinsa. Ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya gyara rufi, ya sayi ragon layya, bai ci ko kwabo ba, amma bai rubuta ba. Ranar rabo, ƙanwarsa ta ɗaki ɗaya za ta yarda da shi. Ta ɗayan ɗakin fa? Hukumar haraji ita ma za ta ga miliyan tara a asusunsa, ta lissafa masa a matsayin nasa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ana tattara kuɗin da dukiyar ta samar a shekara, a cire abin da aka kashe wajen samar da shi, kamar gyaran shago. Kason da ya zama na kowane magaji yana shiga lissafin harajinsa shi kansa, kuma a sabuwar doka naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, saboda haka marayu da zawarawa da dama ba za su biya komai ba idan an rubuta rabon daidai. Abin da ya rage a hannun wasiyyi ba a raba ba, shi zai amsa a kansa. Hukumar haraji ta jiha ake kai wa bayanin, kafin ƙarshen watan Maris. Idan ɗan hayar kamfani ne, yakan cire kashi 10 cikin ɗari ya tura wa hukuma. A nemi takardar shaidar wannan cirewar, domin ana rage ta daga abin da za a biya.

Abu ɗaya nake roƙon ku kada ku yi wa ƙyashin kuɗi: a kira mai ƙiyasta kadara ya rubuta darajar kowane gida da fili a daidai lokacin rasuwa. Wannan darajar za ta taimaka wajen auna riba idan magada suka sayar daga baya, kuma alƙali ma zai iya amfani da ita wajen rabo.

Amana kuwa, irin wadda uba ke kafawa don 'ya'yansa ƙanana, ko hubusin da aka tsayar don makaranta, hukuncinta ya danganta da yadda aka rubuta ta. Idan mai kafawa ya bar wa kansa ikon janye dukiyar, doka tana ɗaukar kuɗin shigar a matsayin nasa. Hubusi na sadaka yana iya samun sassauci, amma sai an yi masa rajista kuma ana ajiye lissafi.

Yaron nan mai jakar Bakko, mako uku muka yi muna warware takardunsa. Muka buɗe asusu da sunan dukiyar marigayin, muka sa 'yan haya su riƙa zuba kuɗi a can, muka ɗora ƙaninsa daga ɗaya ɗakin a matsayin mai sa hannu na biyu. Littafin ajamin kuwa, wani almajirin marigayin ne ya karanta mana shi, a nan muka gano basussuka biyu da babu wanda ya san da su a gidan, aka biya su kafin a tafi gaban alƙali.

A nan zan dakata don tambayoyi.