HUNTURUN FARKO A ƊAKIN AURE: JAWABI GA ANGWAYE DA AMARENMU

 

Abin da kwamitin ƙungiyarmu ya ɗora mana mu yi magana a kai shi ne zaman sababbin ma'aurata a nan Damagum a lokacin hunturu. Kowa dai ya san al'adarmu ta Hausawa: da an yi kaka, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi ya shigo hannu, sai a shiga bukukuwan aure. To mu da muke zaune a nan, yawancinmu daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ake kawo mana amare. Daga Kano zuwa nan, ta Wudil da Azare da Potiskum, tafiyar ta haura kilomita 300. 'Yan rakiya su kwana biyu, su yi jere, su koma. Daga nan sai amarya ta zauna ita kaɗai, ga sanyi, ga dogon dare, maigida kuwa yana kasuwa ko yana bisa hanya.

A gida ba haka abin yake ba. Can akwai 'yan ganin ɗaki, akwai ƙannen miji masu zuwa hira, akwai gwaggo da ke leƙowa ta ga yadda ake ciki. A nan duk babu. Shi ya sa muke ganin amarya ta nemi zuwa ganin gida, mako biyu ya zama wata uku, ƙarshe sai an tura dattawa biko. Wani angon kuma ya ci bashi don lalle sai an yi kowace Salla a gida, ya dawo jari ya karye. Maganarmu ita ce: wanda ya kafa gida a nan, to ya kafa masa al'ada a nan, kada ya jira sai ranar da ya koma garinsu.

Kuma lokaci ya zo mana daidai. Shekarar Musulunci tana gaza ta bature da kwana 10 ko 11, saboda haka azumi yana zagaya damina da rani, ya dawo inda ya tashi bayan kimanin shekara 33. Dattawanmu suna tune da 1997, shekara 6 bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe, lokacin da azumi ya kama sau biyu a shekara ɗaya, a Janairu da ƙarshen Disamba. Bisa lissafi haka za a sake yi a 2030. Wato ke nan amaren yanzu za su yi renon 'ya'yansu na fari da azumi da Ƙaramar Salla a cikin ɗari.

Ga shawarwarin da muke bayarwa. Na farko, ango ya ware dare ɗaya a mako, ya bar majalisa, ya dawo gida da an sallame Isha. A dama kunun gyaɗa ko na tsamiya, a aje waya gefe, a yi hira. Ita ta ba shi tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi yadda kakarta ta ba ta, shi ya ba ta labarin garinsu da danginsa. Wannan dare shi ne zai zama daren tatsuniya in yara sun zo.

Na biyu, gidajen angwaye huɗu ko biyar su haɗa kai su yi tukunyar karɓa-karɓa: yau Juma'a a gidan wane, ta sama a gidan wane. Ba sai an yi yanka ba, tuwo da miyar kuka ya wadatar, domin zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi. Kuma kada abin ya tsaya tsakaninmu kaɗai. Muna zaune da Ngizim da Karekare da Fulani da Barebari, a kai musu kwano, in sun aiko a karɓa da hannu biyu. Amarya ta koyi burabisko da haɗin turaren wuta wurin maƙwabta, ita ma ta koya musu abin da ta zo da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, batun Salla. Miji da mata su zauna tun da kaka su yanke shawara: Salla ɗaya a gida, ɗaya a nan. Wadda za a je gida a yi mata asusu ko adashi tun da wuri. Wadda za a yi a nan kuwa a yi ta sosai, a yi ɗinki, a yi girki, a sauko daga Idi a zagaya gaisuwa. Iyaye a aika musu goron Salla, a kira su a gaishe su. Abincin buɗa-baki da akan kai wa surukai da azumi kuma, a kai shi gidan dattijon da ya tsaya wa ango a nan.

Wannan ya kawo mu kanku, iyayenmu. Muna roƙon kowane gidan dattijo ya ɗauki amarya ɗaya ta zama 'yarsa. Hajiya ta riƙa leƙa ta, ta ji damuwarta tun tana ƙarama, kafin ta kai ga haɗa kaya.

Sai gargaɗi ɗaya. Kada a shiga da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. A ji ɗumi, a fitar da kasko, a kashe wutar kafin a kwanta, domin hunturu lokacin gobara ne.

Za mu fara rubuta sunayen gidajen karɓa-karɓa da na iyayen riƙo wurin magatakarda da an tashi daga nan. Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya maida kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.