Bishiyar Asfen: Yanayinta da Amfaninta



Abin da zan yi magana a kansa yau wata bishiya ce ta ƙasashen sanyi, wadda Turawa ke kira asfen. Ba ta fitowa a ƙasarmu, saboda haka ba mu da sunanta da Hausa. Duk da haka na ga ya dace ɗalibai da ma'aikata su san labarinta, domin tana nuna cewa lafiyar daji ba a manyan itatuwansa ake gane ta ba, a ƙanana masu tasowa ne.

Da farko dai, bari mu duba inda ake samunta. Akwai iri biyu da suka fi shahara. Na farko shi ne wanda masana ilmin tsirrai ke kira Populus tremula, wanda ya bazu tun daga Biritaniya har gabashin Rasha. Na biyu kuwa, watau Populus tremuloides, babu bishiyar da ta kai shi yaɗuwa a Arewacin Amurka, don ana samunsa daga Alaska da Kanada har duwatsun Meziko. Dukansu siririn jiki gare su, da ɓawo mai haske, tsawonsu kuma yakan kai mita 20 ko fiye. Tsinken da ke riƙe da ganyen shafaffe ne, ba mulmulalle ba, shi ya sa ko 'yar iska ce ta kaɗa sai ganyen ya yi ta makyarkyata. Daga nan sunayen nan biyu suka samo asali, domin a Latin ma'anarsu ta shafi rawar jiki.

To, amma babban abin mamaki yana ƙarƙashin ƙasa. Asfen tana yin iri, sai dai ƙanana ne ƙwarai, kuma in ba su sami danshi cikin 'yan makonni ba sai su mutu. Saboda haka ta fi dogara ga saiwarta. Saiwar takan miƙe kusa da fuskar ƙasa, tana fid da toho nan da can, kamar yadda ayaba ke fid da 'ya'ya a gindinta. Kowane toho sai ya girma ya zama bishiya, alhali kuwa yana haɗe da 'yan uwansa ta ƙasa. Muddin babbar bishiya na tsaye, tana aika wani sinadari zuwa saiwa wanda ke danne tohon. Da zarar gobara ta cinye ta, ko aka sare ta, sai dannewar ta kau, toho ya ɓullo dubu bisa dubu. Ke nan gobarar da ke hallaka sauran itatuwa ita ce ke sabunta kurmin asfen. Bishiya guda ba kasafai take wuce shekara 150 ba, amma saiwa takan yi shekaru dubbai.

Misalin da ya fi kowanne fice yana dajin Fishlake na Jihar Yuta, a Amurka. A shekarar 1976 wasu masana biyu, Jerry Kemperman da Burton Barnes, suka bayyana cewa wani kurmi da ke can duk tsiro ɗaya ne. Daga baya aka raɗa masa suna Pando, watau "ina yaɗuwa" da Latin, gwajin ƙwayoyin halitta na 2008 kuma ya tabbatar da maganar. Faɗinsa eka 106 ne, bishiyoyinsa wajen 47,000, nauyinsa kuwa an kimanta shi da tan 6,000. Mai wucewa zai ɗauka daji ne, nan kuwa halitta ɗaya ce tal.

Yanzu sai mu juya ga amfaninta. Katakon asfen fari ne, marar nauyi, marar ƙaro, kuma yana tsaguwa a miƙe ba tare da sartse ba. Wannan ya sa ya zama itacen ashana. A garin Jönköping na ƙasar Suwidin, inda 'yan uwan nan biyu na gidan Lundström suka kafa masana'antar da ta yaɗa ashana mai aminci a duniya cikin ƙarni na 19, da asfen aka riƙa yin tsinkenta. Haka kuma ana niƙa katakon a yi takarda, ana matse ɓarɓashinsa a yi allunan gini. Da yake ba shi da wari, ana yin akwatunan abinci da shi. Da yake kuma ba ya ɗaukar zafi da sauri, mutanen Finland na yin bencin ɗakin wankan surace da shi. A tsibirin Kizhi na Rasha akwai wata majami'a ta katako da aka gina a 1714, mai ƙubba 22, duk an rufe su da sassaƙen asfen. Ɓawonta kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke dangi da na asfirin, kuma mutanen asali na Amurka sun daɗe suna jiƙa shi domin zazzaɓi da ciwon jiki. Sai dai tana da nakasa guda: katakonta na saurin ruɓewa in ya taɓa ƙasa mai danshi, don haka ba a yin dirka da shi.

Jama'a, duk wannan amfani ya rataya ne a kan tohon nan ƙanana, kuma nan ne haɗarin yake. A 2018 Paul Rogers da Darren McAvoy na Jami'ar Jihar Yuta suka buga sakamakon bincikensu a kan Pando. Sun tarar tsofaffin bishiyoyi na mutuwa, ga shi babu isassun matasa da za su gaje su, saboda barewa na cinye toho tun bai tasa ba, shanun kiwo kuma na ƙara nasu. Dabbobin da a da ke rage yawan barewa, irin su kyarkeci, mutum ya riga ya kore su daga yankin. Amma a sashen da aka kewaye da shinge mai kyau a 2013, toho ya tashi ya yi girma. Saiwa ba ta gaza ba. Kariya ce ta rasa.

Wannan shi ne abin da nake so ɗalibanmu, musamman waɗanda gobe za a danƙa wa sha'anin gandun daji da kiwo, su riƙe. Kurmi yana iya yin shekara arba'in yana mutuwa, alhali inuwarsa na nan, mai duba shi daga mota kuma yana rubuta cewa lafiya lau yake. Ma'aikaci na gari sai ya sauka, ya sunkuya, ya ƙirga ƙananan da suka tsira daga bakin dabba. In ya same su, dajin na da magada. In kuwa bai same su ba, to, lokacin kafa shinge da tsara kiwo ya yi, tun saiwa na da sauran ƙarfi.