Tsohuwar Kwamfuta Tana Da Sauran Amfani: Amsoshi Ga Mai Son Fara Linux



Da yawanmu daga ƙasar Bichi, Ɗambatta, Dawakin Tofa da Minjibir muka fito, inda gona ke manne da gona, kuma ba a zubar da abin da ke da sauran amfani. Ko tokar murhu taki ce. Da wannan ido nake so mu dubi tsofaffin kwamfutocinmu.

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya rufe kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da muke saye a birnin Kano. Alhali kuwa tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma akwai ƙannenmu na ƙauye da ba su taɓa sa hannu a kanta ba sai ranar jarrabawa. To, akwai mafita, sunanta Linux. Ga tambayoyin da mai farawa yakan yi.

Ta farko, mece ce ita? Babbar manhaja ce, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta ɗungurungum, kamar Windows. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991 yana da shekara 21, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU wanda Richard Stallman ya soma a 1983. Ita ce ƙashin bayan Android da ke cikin wayoyinmu.

Ta biyu, in kyauta ce, ashe ba jabu ba ce? Ko kusa. Aikin gayya ne. Rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, lasisinta ya yarda kowa ya duba, ya gyara, ya kwafa wa maƙwabcinsa. Wanda ya ba ka kwafinta bai yi sata ba.

Ta uku, wace iri zan zaɓa? Ire-irenta suna da yawa. Akwai Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Linux Mint ta 2006. Shawarata ga mai tsohuwar kwamfuta ita ce Linux Mint mai fuskar Xfce, don ba ta da nauyi. Tana tashi da ram gigabait 2, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki.

Ta huɗu, takarduna za su salwanta? Ana iya gwada ta ba tare da an girka ta ba. Ka sauke ta, ka zuba ta cikin filas mai gigabait 8 da manhajar Rufus, sa'an nan ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin. Ka jarraba sauti da intanet. In ta gamshe ka, kwashe takardunka zuwa wani wuri tukuna, domin girkawa tana iya share kome. Rigakafi ya fi magani.

Ta biyar, ina muka ga data a ƙauye? Saukewar tana cin kusan gigabait 3, amma sau ɗaya ake yi, filas guda ya ishi unguwa. Tana zuwa da LibreOffice na buga takardu da lissafi, tana kuma da tsarin haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ. Da manhajar Kiwix ana karanta Wikipedia ba intanet.

Gaskiya ɗaya ce: wasu manhajojin Windows, irin su Photoshop, ba a yi su domin Linux ba. Wanda abincinsa ya dogara da su ya yi tunani kafin ya sauya.

Roƙona shi ne, in an yi hutu kowa ya tafi gida da filas ɗinsa, ya tayar da kwamfuta ɗaya da aka jingine, ya zaunar da yara biyar gabanta kafin jarrabawa ta zo.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.